Kawuna, Wanda Suka Kira Mai Gadin Sama

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya. An yi masa sallah da hantsi a gaban masallacin ƙauyenmu, kafin azahar maza sun dawo daga maƙabarta, mu kuma mata muna tsakar gida a kan tabarmi muna amsa gaisuwa.

Ban yi kuka sosai ba ranar nan. Haushi ne ya tare wa hawaye hanya. Matar farko da ta durƙusa gaban Innata ta ce, "Allah Ya jiƙan Malam, mutum ne da ba shi da abokin faɗa." Na ɗaga kai na dube ta. Ita da kanta ta taɓa turo ƙyauren gidanta da ta hango shi tafe. Kawu ya yi faɗa da dagaci, ya yi da hedimastansa, ya yi da mai gyaran firji na bakin kasuwa, ya yi da ɗan da ya haifa. Wata kuma ta ce ilminsa ya amfani gari. Wane gari? Garin da ya yi shekara da shekaru yana magana ba wanda ya tsaya ya ji ƙarshen zancensa?

Bangon da na jingina da shi na zaure ne, saboda haka ina jin maza. Liman ya yi addu'a mai kyau, ba ni da abin cewa a kanta. Amma da aka shafa, sai na ji wani ya rage murya ya ce, "To yanzu wa zai riƙa yi mana gadin sama?" Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake rufewa da tari. Mai Gadin Sama shi ne sunan da suka laƙaba masa yana raye, ba su kuma iya haƙura da shi ba ko da na yini guda, ƙasar kabarinsa tana ɗanya.

Kafin la'asar kuma na ji guduma ta ci gaba a bayan gida, a filin da ake farfasa tsofaffin firji. Masu fasawar sun dakata don sallar gawa, sun koma bakin aikinsu. Filin nan shi ya cinye ƙarshen rayuwar Kawu, zan kuma zo kansa. Na zauna rubuta wannan ne don kada abin da zai saura daga mutumin nan ya zama sunan tsokana da yabon ƙarya.

Kawu yayan Innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifina ya rasu ina ƙarama, shi ya zo ya kwashe mu ni da Inna zuwa gidansa, a wani ƙauye tsakanin Bici da Shanono, inda gona take manne da gona, ba wani fili da ake bari ya huta. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya da saurin fushi. Hannunsa na dama yana rawa, in zai sha koko sai ya tallafe kwanon da na hagu. Yana da wani busasshen tari da muke gane shi da shi tun yana bakin hanya. Malamin makaranta ne, kimiyya yake koyarwa, kowa Malam yake ce masa, har Inna.

Rawar hannun da tarin ba da su aka haife shi ba. Yana saurayi, kafin ya shiga makarantar horon malamai, ya yi aiki a wani babban siton gyaɗa a Kano. Na taɓa tambayarsa irin aikin da yake yi a can.

Ya ce, "Kashe ƙwari. Mu jera buhuna, mu lulluɓe da tampol, mu danne gefe da buhunan yashi, sannan a zura tiyo a buɗe tukunyar gas. Ba shi da wari, ba shi da launi. In aka ɗaga tampol sai ki tarar ƙwari da ɓeraye duk sun mutu."

Na ce, "Ku fa, Kawu?"

"Mu an ce mu ɗaure hanci da ƙyalle. Wanda yake ba da umarni kuma yana tsaye can nesa, ta ɓangaren da iska take fitowa."

Ina ajin ƙarshe a firamare aka tura shi wani taron malaman kimiyya a Bici. Ya dawo da yamma, aka kai masa tuwo bai taɓa ba. Ya kira ni da Inna ƙarƙashin rumfar zana da ke ƙofar ɗakinsa, ya nuna mana yadda rana take ratsowa ta tsakanin ciyawa, ba dukanta ba.

Ya ce, "Can sama, sama da gajimare, Allah Ya shimfiɗa wata iska siririya, masana suna ce mata ozon. Aikinta irin na rumfar nan ne. Ita take tace hasken rana, ta tare mai ƙona fata da lalata ido da amfanin gona. To akwai wasu iskoki da ɗan'adam ya ƙera da hannunsa, irin na cikin firji da na'urar sanyaya ɗaki. In sun tsere ba sa ruɓewa da wuri. Su yi ta hawa a hankali har su kai can, su kama cin ta." Ya sauke ido daga rumfar ya dube mu. "Yau an karanto mana sunayen masu wannan ɓarna ɗaya bayan ɗaya. Har da wanda muka riƙa saki a sito."

Inna ta ce, "Ai ba ka sani ba, Malam."

"Ban sani ba. Amma waɗanda suka ba ni shi sun san yana kashe duk abin da yake numfashi, suka ba ni ƙyalle. Na ɗauka ƙirjina kaɗai ya ci. Ashe har sama ta samu rabonta."

Daga ranar nan Kawu bai sake zama lafiya da kowa ba a kan wannan magana. Kuma in zan faɗi gaskiya, bai iya lallashi ba. Da wutar lantarki ta iso kasuwarmu, masu ƙanƙara da zoɓo suka sayo tsofaffin firji, mai gyara ya buɗe rumfa. In firji ya lalace sai ya yanke bututu ya bar iskar ta fita tana huci, sannan ya ɗura sabuwa. Kawu ya je ya tsaya a kansa, maimakon ya fara da gaisuwa sai ya fara da "Kai, ka san abin da kake yi kuwa?" Mutane suka taru. Wani ya tambaye shi ko ramin da yake cewa an yi a sama a kanmu yake. Da wani ne da ya ce e, a tsorata a ji maganarsa. Kawu ba ya ƙarya ko don ya ci gardama. Ya ce a'a, inda abin ya fi muni can ƙarshen duniya ne ta kudu, inda babu komai sai ƙanƙara.

Aka ce, "To ina ruwanmu, Malam?"

Ya ce, "In ka zuba guba a rafi, don gidanka ba ya ƙasa sai ka ce ba ruwanka?"

Aka yi dariya aka watse. A ranar aka raɗa masa sunan.

Amma akwai abin da masu dariyar ba sa ambata. A makarantar da yake koyarwa an taɓa kawo wata yarinya zabiya, irin waɗanda ake haifa da farar fata da ba ta jure rana. Kullum da safe ana tsayar da yara a fili, a yi ta jawabi har rana ta ɗaga, ita kuma tana tsaye tana runtse ido, wuyanta da leɓɓanta duk sun yi ƙuraje. Kawu ya ce wa hedimasta a bar ta ta tsaya a baranda. Hedimasta ya ce doka ɗaya ce ga kowa. Washegari, ana tsakiyar jawabi, Kawu ya ratsa layi ya kama hannun yarinyar ya kai ta inuwa, ya tsaya kusa da ita yana kallon hedimasta. Wannan ya jawo masa canjin wurin aiki zuwa wata makaranta mai nisa wajen Makoda, ya riƙa zuwa a keke da ƙirjin nan nasa. Kafin ya tafi ya saya mata malafa, ya sa Inna ta ɗinka mata riguna masu dogon hannu, ya je gidansu ya zauna da mahaifinta har sai da ya yarda ya daina tura ta gona da tsakar rana. Yarinyar nan yau matar aure ce da 'ya'yanta. Ta zo gaisuwa. Ba ta ce mutum ne marar abokin faɗa ba. Ta riƙe hannun Inna ta ce, "Shi kaɗai ya taɓa yin faɗa saboda ni," ta tashi ta tafi.

Da na gama karatu na samu aiki a Kano na sayi waya mai shiga intanet, sai Kawu ya ba ni wani aiki. Ya ji a rediyo cewa ƙasashen duniya sun daɗe da yin alkawarin daina ƙera iskokin nan, kuma masana suna auna yawansu a can sama shekara bayan shekara. Duk zuwan da zan yi gida, kafin in ajiye jaka sai ya ce, "Duba mini." In nemo masa zanen da masanan suke fitarwa. Layi ne ya hau kamar tudu, ya kai ƙololuwa, sannan ya soma gangarowa, gangarowar da sai ka ƙura ido za ka yarda gangarowa ce. Ya ɗora yatsansa mai rawa a kan gilashin wayar, ya bi layin.

"Ya ragu?"

"Ya ragu kaɗan, Kawu."

"Hawa da gudu, sauka da rarrafe," in ji shi. "Iskar da ta fita daga firji ina saurayi, har yanzu wata tana can. An daina zubawa, amma wadda aka riga aka zuba sai ta ga dama take tafiya."

Wata shekara na karanta masa cewa ɗaya daga cikin iskokin ta rage saurin sauka, masana suna zargin wasu suna ƙera ta a ɓoye a wata ƙasa mai nisa. Ya tashi tsaye ya yi ta zagaya tsakar gida. "An yi alkawari a gaban duniya, wasu sun zagaya ta bayan gida." Kwanaki ya yi ba ya shiga hira. Da na dawo wani zuwan na ce masa an gano, an toshe, layin ya koma sauka, sai ya miƙe. Ya sa hularsa ya fita, ya dawo da balangu a takarda ya ajiye a gabanmu. Iyakar murnar da na taɓa gani a wurinsa ke nan.

Sau ɗaya wasu mutane suka zo daga birni suka yi taron wayar da kai a kan wannan magana a hedikwatar ƙaramar hukuma. Kawu ya sa babbar rigarsa ya hau mota ya tafi, yana ganin yau ya samu 'yan'uwa. Ya saurari jawabai, ya ɗaga hannu ya ce, "Tambayata ɗaya ce. Mai tsohon firji a ƙauye, ina zai kai shi a zuƙe iskar kafin a fasa?" Aka ce tambaya ce mai muhimmanci, za a duba. Aka ba shi hula mai rubutu da lemon kwalba. Ya dawo ya kafa wa mutum-mutumin gonarsa hular.

Yanzu na zo kan filin bayan gida.

Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya domin tare muka tashi, ya yi shekaru a Kano yana sana'ar gwangwan, wato sayen tsofaffin ƙarafa. Da wuri ya yi masa tsada a birni sai ya dawo da sana'ar gida. Wata safiya muka ga babbar mota ta tsaya a bayan katanga, ana sauke matattun firji da na'urorin sanyaya ɗaki, irin waɗanda wasu ƙasashe suka gama cin moriyarsu suka turo mana, muka ƙarasa su, suka mutu a hannunmu. Aka jibge su a gonar da ake shuka gyaɗa tun zamanin kakanmu. Samarin gari suka samu aiki. A sa zarto a yanke bututu, iska ta fita, a fasa da guduma, a ware jan ƙarfe da alminiyam, sannan a tara soso da wayoyi a cinna musu wuta. Baƙin hayaƙi ya tashi, ya tsallake katanga, tagar ɗakin Kawu kuma a nan take.

Ina gida ranar da suka yi magana ta farko. Kawu, abin mamaki, ya fara a hankali.

"Ban ce ka bar sana'arka ba. Akwai na'urar da ake zuƙe iskar da ita a ɗura a tukunya kafin a fasa. Ka nemo mai ita. Sosan kuma a daina ƙonawa."

Yaya ya ce, "Baba, duk faɗin yankin nan wa ka gani da na'urar nan? In ma na samo na ɗura, wa zan kai wa tukunyar? Kai da kanka ka tambaya a taro, me suka ce maka?"

"Don ba su amsa ba shi ne za ka saki?"

"Samarin nan da kake gani, gonar uban kowannensu ba ta ciyar da gida wata shida. Da ba don wannan ba da suna tasha suna zaman banza. Waɗanda suka ƙera iskar sun sha sanyinta, sun turo mana gawar. Ni ne zan zama mai laifi?"

Ba zan ce maganar Yaya ba ta da ƙamshin gaskiya ba, kuma wannan yana cikin abin da yake ƙona mini rai. Kawu ya dube shi ya ce, "Ni ma haka na ce a sito. Na ce aiki ne, na ce abinci nake nema. Ni ban sani ba. Kai a gidan nan ka tashi, ka sani."

Maganar ta kai gaban dagaci. Kawu ya tsaya a gaban dattawa yana bayani, yana tari, yana nuna sama da hannunsa mai rawa. Wani dattijo ya ce shi dai tun yana yaro yake kallon sama, bai ga inda ta yage ba. Dagaci ya yi magana mai taushi. Ya ce Malam babba ne, a girmama shi, a riƙa kunna wutar in iska ta juya gabas. Sana'a kuwa ba za a hana yara ba. Ma'ana an ba Yaya gaskiya, an ba Kawu haƙuri. Kawu ya ce wa dagaci a gaban jama'a, "Ranka ya daɗe, iska ba ta karɓar umarninka." Aka ce ya yi rashin ladabi, aka ƙara da cewa tsufa ya fara taɓa shi.

Washegari da hantsi ya ɗauki sandarsa ya zagaya bayan gida, ya hau kan wani firji da aka kwantar ana shirin yankawa, ya zauna. Ya ce duk mai son ya fasa wannan sai ya fara da shi. Samarin suka tsaya suna kallon Yaya. Yaya ya ce, "Ku bar masa wannan, ku ci gaba da sauran." Haka aka yi. Dattijo mai furfura yana zaune a kan firji guda a tsakiyar rana, hagu da dama ana yanka ana fasawa, iskar da ya zo karewa tana huci a kunnensa. Mutane suka fito kallo, wasu da waya a hannu suna ɗauka. Cikin waɗanda suka tsaya kallo ranar nan, ba ɗaya ba ba biyu ba, na gan su a layin gaba wajen gaisuwa. Sai da Inna ta fita da mayafinta ta kama hannunsa ta ce, "Malam, taso, azahar ta yi," sannan ya sauko. A hanya ya ce mata, "Ɗaya na tsare, shi ma na yini guda."

Tun daga nan uba da ɗa suka daina cin abinci a kwano ɗaya. Yaya yana zuwa gaisuwa da safe, ya durƙusa a bakin ƙofa, Kawu ya amsa bai ɗago ba. Muka toshe tagar da tsumma da kwali, hayaƙin ya riƙa shigowa ta saman ƙofa. Na roƙe shi ya koma wurina a Kano, ya ce ba wanda zai kore shi daga ɗakinsa da hayaƙi kamar ɓera. Tarin ya ƙaru, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Ban ce hayaƙin Yaya ne ya kashe shi ba. Ajali na Allah ne, ƙirjin kuma tun daga sito yake a lalace. Amma na san abin da idona ya gani, kuma ba wanda zai sa in ce ban gani ba.

A asibiti a Bici ya yi kwanakinsa na ƙarshe. Wata rana da la'asar ya farka ya gan ni a gefen gado, ya yi mini alama da yatsa. Na san abin da yake so. Na buɗe wayar na kai kusa da fuskarsa.

"Yana sauka?"

"Yana sauka, Kawu. Sun ce in aka ci gaba a haka, wajen tsakiyar ƙarnin nan rufin zai koma kusan yadda yake a da."

Ya lumshe ido. "Ba zan gani ba. Ke wataƙila." Ya huta, sannan ya ce, "Kira mini shi."

Yaya yana waje a kan benci, kullum yana zuwa, ba ya iya shiga. Ya shigo ya durƙusa yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Baba, ka yafe mini." Kawu ya ɗora hannu a kansa.

"Tsakanina da kai babu komai, na yafe. Amma abin da kake saki ba nawa ba ne, balle in yafe shi."

Yaya ya ci gaba da kuka. Bai ce zai daina ba, Kawu kuma bai sake roƙonsa ba. Bayan kwana biyu Allah Ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar bakwai, dangi sun taru, an gama addu'a ana shirin watsewa, sai Inna ta tashi. Innata mace ce da ba a jin muryarta. Duk tsawon rigimar nan ba ta taɓa sa baki ba, iyakarta ta kai ruwa ta kawo ruwa. Ta ja mayafi ta je bakin zaure ta yi sallama, ta ce tana da magana da liman da dagaci. Maza suka juyo gare ta.

Ta ce, "Gonar bayan gida ta mahaifinmu ce, ni da Malam. Ba a taɓa rabawa ba, ban kuma taɓa tambaya ba, domin yana ciyar da ni. Yanzu ina son a fitar mini da rabona. Kuma ɓangaren da yake jikin katanga nake so."

Dagaci ya ce, "Baiwar Allah, ai wannan ba ranar wannan magana ba ce."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ranar da ya zo muku da tasa maganar ma ba ranarta ba ce."

Liman ya ce haƙƙinta ne, babu mai hana ta. Yaya yana zaune kansa a ƙasa. Aka tambaye shi ko yana da ja a kan ɓangaren da ta zaɓa, ya ce, "A ba Goggo abin da take so." Bayan an raba, aka kuma raba kason Kawu tsakanin magadansa, abin da ya rage wa Yaya bai isa a juya mota ba. Kafin wata ya ƙare ya kwashe kayansa.

Kada wani ya ɗauka an ci nasara. Yaya ya samu wani fili a wani ƙauye a kan hanyar Makoda, yana can yana yanka bututu, samarin suna bin sa a babur kowace safiya. Har yau babu mai na'urar zuƙe iskar a yankinmu, babu inda za a kai ta, motoci kuma ba su daina kawo matattun firji ba. Wannan haushin nawa ne yanzu, kuma ba ni da niyyar sauke shi.

Da damina ta faɗi na zo gida na tarar Inna a filin. Ƙasar ta yi baƙi da mai da toka, cike da fasassun gilasai da guntayen roba. Ta shuka gyaɗa, mafi yawa ba ta fito ba, wadda ta fito kuma ta yi rawaya ta kwanta. Na same ta a durƙushe tana tsince gilasai ɗaya-ɗaya tana zubawa a tsohon kwano, ga tulin takin awaki da ta tara a gefe da kwandon ɗibarsa.

Na ce, "Inna, ƙasar nan ta mutu. Ko kin zuba taki ba za ki ga amfaninta bana ba, wataƙila har baɗi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Miƙo mini kwandon."

Na cire takalmina na ɗauko kwandon, muka fara daga jikin katanga.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa ƙirjin da aka ƙuntata masa a duniya, Ka sa shi a inuwar da ba ta yagewa. Mu da muka rage kuma, Ka hana mu jin daɗin mantawa.